Kafin ka sayi injin buga hoto a kan kambas, fara zuwa 'yan katako

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Zariya, yawancin aikina biki ne da suna da walimar kammala karatu. Yanzu mutane sun fara cewa ba sa son firem mai gilashi, sun fi son irin hoton nan da ake bugawa a kan yadi a ɗaure shi a jikin katako. Na ɗan tara kuɗi, ina so in fara yi da kaina. Wane inji zan saya, wane irin yadi da tawada, kuma me ake buƙata wajen ɗaurin? Na taɓa ba wani ya yi min guda biyu. Bayan wata huɗu ɗaya ya saki kamar tsohuwar ganga, ɗayan kuma tun ranar da na karɓo na ga gefensa ya yi farin layi kamar ya tsage."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Idan na fahimce ka, kana neman jerin kayan da za ka saya ne, kuma ka sa inji a gaba domin shi ne mai tsada. To, ka sake karanta ƙarshen tambayarka. Hotuna biyun da suka ba ka kunya, babu wanda inji ya lalata. Wanda ya saki, laifin katako ne ko irin yadin ko hannun da ya ja shi. Wanda ya yi farin layi, shafen da ke fuskar yadin ne ya fashe lokacin da aka lanƙwasa shi. Ko da injin da ya fi kowanne tsada aka buga su, haka za su yi. Saboda haka zan amsa maka batun inji, amma ba shi zan ba muhimmanci ba.

Da farko mu daidaita suna. Mu a shago kambas muke ce masa, duk da cewa idan ka faɗi haka a kasuwa sai a nuna maka layin masu takalma. Ba irin yadin Kantin Kwari ba ne. Yadi ne mai kauri da aka shafa wa wani farin sinadari a fuska ɗaya tun daga masana'anta, kuma wannan shafen ne ke riƙe ɗigon tawada a inda ya faɗi. Ka sa farin yadin kasuwa a inji, tawadar za ta bi zare ta bazu, ido da gira su haɗe. Abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun yi asara shi ne, shafen ba iri ɗaya ba ne: kowace tawada da nata. Don haka ba a zaɓen kambas sai an san tawadar da za ta hau shi.

Tawada ita ke zaɓa maka yadi

Iri uku za ka fi gamuwa da su. Akwai tawadar rini, wadda launinta narke yake a cikin ruwa kamar yadda baba ke narkewa a karofi. Ita ce ke cikin ƙananan firintocin hoto masu tanki da suka cika situdiyo, irin su Epson L1800. Launinta na da kyau a ranar farko, amma haske na cin ta da wuri, kuma ba ta jure ruwa. Hoton takarda yana samun mafaka a bayan gilashi ko cikin albam, shi kuwa kambas a fili yake zaune, ƙura da hannun yara da tsumman mai shara duk suna kai masa. Ga kuma matsalar faɗi: irin wannan firinta inci 13 take ɗauka, idan ka cire abin da zai zagaya katako, da kyar ka wuce hoto mai inci 8 da 10.

Ta biyu ita ce tawadar figimen, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a ruwa ba tare da sun narke ba. Ita manyan injinan hoto ke amfani da ita, irin su Canon imagePROGRAF na jerin PRO da Epson SureColor na jerin P, masu faɗin inci 24 ko 44. Suna ɗaukar launuka takwas zuwa goma sha biyu, har da toka-toka mai haske da mai duhu, shi ya sa inuwar da ke ƙarƙashin haɓa ko gefen hanci take fitowa sumul. Wajen fitar da fuskar mutum, babu kamarta. Tana daɗewa ƙwarai a cikin ɗaki, amma fuskarta na saurin karcewa idan ba a shafa mata ruwan kariya ba.

Ta uku ita ce tawadar solben mai sauƙin wari, wadda masu buga fileks da sitika ke amfani da ita a injinan nan 'yan Caina masu faɗin mita 1.6 ko 1.8, masu kai, wato sashen da ke fesa tawada, irin XP600 ko DX5 ko i3200. Ita cizon fuskar yadin take yi, shi ya sa ruwa ba ya ɗaga ta, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Yawancin kambas ɗin da kake gani a falon mutane a nan ƙasar da ita aka buga. Rauninta, launi huɗu kacal yawancin injinan ke ɗauka, don haka idan mai aikin ya yi gaggawa za ka ga ƙananan ɗige-ɗige a kumatun amarya, kamar an barbaɗa yashi. Idan kan injin lafiyayye ne, aka kuma rage gudu aka ƙara yawan zagayen da kan ke yi, aikin na fita da kyau, ba mai kushe shi daga nisan taku biyu. Akwai kuma HP Latex, wadda ke aiki da zafi wajen busar da tawada, tana da kyau a kan kambas, sai dai injin da wutar da yake sha ba na mai farawa ba ne.

A jikin kwalin kowane naɗi ana rubuta tawadar da aka yi shi dominta. Kambas na solben idan ya hau injin figimen, tawadar za ta taru ta yi ƙwal-ƙwal ta ƙi bushewa, ka taɓa da yatsa ta biyo ka. Kada ka yarda da mai sayarwa da ya ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji." Ka ce ya yanko maka rabin mita ka je ka gwada.

Shawarata a kan inji ita ce kada ka saya yanzu. Ba rowar sana'a nake maka ba. Waɗannan injina ba sa son zama. Kan injin yana da ramuka da ido ba ya gani, kuma tawadar da ta kwana uku ko huɗu a ciki ba a buga komai ba sai ta fara toshe su. Masu ƙera su sun fi son danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60, mu kuwa a tsakiyar hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, ga ƙura. Duk wankin kai da za ka yi tawada yake sha, tawada kuma da dala ake shigo da ita. Ƙara da sitabilaiza da batirin riƙe wuta, domin idan aka ɗauke wuta a tsakiyar bugu, wannan yankin kambas ɗin ya tafi. Mai hoto da ke samun kambas biyar ko shida a wata, inji zai ci shi ne kafin shi ya ci injin. Ka nemi mai bugawa na kirki, ka sayi naɗinka ka kai masa ko ka zaɓi cikin nasa, ya buga maka a shimfiɗe, kai kuma ka riƙe shafe da ɗauri a hannunka. Nan ne ake gane aikin wane da na wane. Ranar da ka ga kana kai aiki kusan kullum, sai mu yi maganar inji. A lokacin, ka tambayi wanda zai gyara maka shi kafin ka tambayi farashi. Kan Canon mai inji na iya cirewa ya sa sabo da hannunsa, na Epson ya fi daɗewa amma sai an kira makaniki.

Auduga, foliyesta, ko gaurayensu

Kowa na jin auduga zalla ya ɗauka ita ce sarauniya. Gaskiya tana da kyau a hannu da ido, saƙarta na da rai, kuma tana miƙewa da sauƙi. Amma auduga na shan danshin iska har kusan kashi 8 na nauyinta, foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. A ƙasar da iska ke jiƙe sharkaf a watan Agusta sannan ta bushe ƙamas a Janairu, zaren auduga yana kumbura yana motsewa kowace shekara, a hankali ɗaurin ya sassauta. Foliyesta zalla ba ruwansa da yanayi, ya fi araha, fari ne tas, amma saƙarsa daidai take ko'ina kamar leda, kuma mara nauyinsa idan ka ɗaga shi a rana za ka hango katakon baya. Ni abin da na tsaya a kai shi ne gaurayen biyun. Ga hotunan biki na yau da kullum, foliyesta mai nauyi ba abin kunya ba ne. Auduga zalla nakan ajiye ta ne ga wanda ya nema da bakinsa.

Nauyi ana rubuta shi da gsm, wato giram nawa ne a murabba'in mita guda. Ƙasa da 280 ka bar wa masu tallan bango. Tsakanin 340 zuwa 380 shi ne daidai ga aikinka. Wanda ya haura 400 yana da cika ido, amma kusurwarsa na yin tudu idan ka naɗe, kuma sai hannu ya saba kafin ka iya jan sa.

Duba girman saƙar ma. Kai fuska kake sayarwa. Saƙa mai manyan ƙuraje tana kyau da hoton ƙofar gari ko hawan sallah, amma a ƙaramin hoton iyali mai mutum goma, inda kowace fuska ba ta fi kwabo ba, sai saƙar ta cinye idanun. Nemi mai laushin saƙa. Sannan farin da ya cika ɗaukar ido har yana komawa shuɗi-shuɗi, yawanci an sa masa sinadarin ƙara haske, irin wanda ke cikin garin wanki. Yana fito da farar shadda ta ango sosai, amma da shekaru sinadarin na mutuwa, farin ya koma ruwan madara.

Ga gwajin da nake yi wa kowane sabon naɗi, wanda zai amsa maka batun farin layin nan. Nakan sa a buga min baƙi wuluk da ja mai duhu a ɗan yanki kamar tafin hannu. Idan ya kwana, sai in ninke shi biyu, hoton na waje, in matse da babban yatsa, in sake ninkewa kamar kusurwa. Idan farin zare ya leƙo a bakin ninkin, na san haka zai yi a jikin katako. Daga nan sai in shafa wa rabinsa ruwan kariya in sake gwadawa. Wanda ya tsage ko bayan an shafa masa, ba na ƙara sayensa ko kyauta ne. Akwai sunaye da suka yi fice a duniya, kamar Hahnemühle na Jamus da Canson na Faransa, amma abin da ya fi yawa a hannun dillalan Shomolu a Legas da UTC ta Area 10 a Abuja naɗi ne daga Caina wanda ba suna a jikinsa. Cikinsu akwai nagari ƙwarai. Matsalar ita ce wanda ka saya yau ba lallai ya zama irin wanda za a kawo maka bayan wata uku ba, ko da kwalin iri ɗaya ne. Gwajin ninki ne kaɗai shaidarka. Idan ka saya, ajiye shi cikin ledarsa, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo.

Lissafin faɗi, kafin almakashi

Wannan wurin yana kama mutane da yawa. Hoton da za a ɗaure sai an bar masa abin da zai rufe kaurin katako, da kuma abin da za a kama a ja a baya. Idan kaurin katakonka inci ɗaya da rabi ne, kana buƙatar wannan, da ƙarin inci guda na baya, wato inci biyu da rabi a kowane gefe, inci 5 ke nan a faɗi, 5 a tsawo. Hoto mai inci 16 da 20 zai ci kambas 21 da 25. Mai 20 da 30 zai ci 25 da 35, ka ga ba zai shiga naɗi mai inci 24 ba, saboda inci ɗaya tak. Ko dai ka koma katako siriri mai kashi uku cikin huɗu na inci, ko ka nemi naɗi mai 36 ko 44. Ka san girman da mutanenka suka fi nema kafin ka sayi naɗi.

Me zai zauna a gefen? Idan ka bar hoton kansa ya zagaya, zai cinye inci ɗaya da rabi ta kowane ɓangare, kuma a hoton biki abin da ke can sama shi ne gwaggwaron amarya ko hular ango. Na ga hoton da rabin zanna bukar ɗin mutum ya koma saman firem, sai ka hau kujera za ka gan shi. Mafita ita ce a kwamfuta ka kwafi bakin hoton ka juya shi kamar a madubi ya zama gefen, ko ka sa launi ɗaya da ya dace. Idan hannu ko kafaɗa na kusa da baki, madubin zai haifar da hannu biyu, sai ka zaɓi launi. Ka kuma tuna baƙin gefe shi ya fi tona tsagewa.

Kambas yana da yafiya fiye da takarda, fiksel 150 a kowane inci ya wadatar. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000, wanda zai kai ka inci 40 a tsawo lafiya. Abin tsoro shi ne hoton da kwastoma ya turo ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yakan matse shi zuwa kusan fiksel 1600 a dogon gefe, abin da bai wuce inci 10 ko 11 ba. Ka ce a turo shi a matsayin fayil. Sannan siffar hoton kyamara ta dace da 12 da 18, 16 da 24, 20 da 30, 24 da 36. Ta waya kuma ta fi dacewa da 12 da 16, 18 da 24, 30 da 40. Sanin wannan zai hana ka tara katakon da sai ka yanke ƙafar wani kafin hoto ya hau.

Game da launi, abu ɗaya zan ce. Allon kwamfutarka fitila ne, kambas kuwa ba ya ba da haske, don haka fatarmu da ta yi kyau a allo takan fito da duhu, inuwar fuska ta toshe. Ka rage hasken allo, ka tambayi mai bugawa ko yana da fayil ɗin daidaita launi na wannan kambas ɗin, wanda ake kira ICC, sannan ka sa ya buga maka siririn yanki da ya ratsa fuska da farar riga kafin a saki babban.

Katako

A nan na fi so ka kashe lokacinka. Shekarun baya wasu 'yan'uwa suka kawo min hoton mahaifinsu da ya rasu, suna so a yi shi inci 30 da 40 kafin sadakar arba'in. Ana tsakiyar marka ne. Katakon da nake da shi ya ƙare, na aika yaro ya sayo, kafinta ya fere ya haɗa a rana ɗaya. Da na ɗaga na ji nauyinsa ya fi yadda na saba, na kuma ji sanyi a tafin hannuna, amma lokaci ya ƙure, na yi shiru na ɗaure. Aiki ya yi kyau, suka yi godiya. A watan Disamba babban ɗan ya kira ni ya ce in zo in gani. Kusurwar ƙasa ta hagu ta ɗaga daga bango har yatsuna biyu na shiga, yadin ya tattare daga can har ya ratsa ta kan rawanin marigayin. Babu abin da na iya cewa. Na sauke shi, na cire fil ɗin sitafila ɗaya bayan ɗaya, na sake sabon firem da kuɗina.

Abin da ya faru ba boyayye ba ne. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga kudu yake zuwa, an yanke shi ba da daɗewa ba, cike da ruwa. Idan hunturu ya zuƙe ruwan, itacen zai motse, kuma ba ya motsewa daidai ta ko'ina, sai ya murɗe. Katakon firem ana so danshinsa ya sauka zuwa kashi 8 zuwa 12. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni mai allura biyu da ake soka wa itace ya nuna adadin, ba shi da tsada, kuma ya fi maka amfani fiye da sabon gilashin kyamara a wannan aikin. Idan ba ka samu ba, yi abin da nake yi yanzu: ina sayen katakon shekara a farkon hunturu, a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, in sa a tsaga shi kusa da girman da nake so, in jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, in ɗora nauyi a sama. Bayan wata biyu wanda zai murɗe ya murɗe, sai in ware shi, sauran a fere.

Irin itacen kuma, mara nauyi ake so, mai miƙaƙƙen jiki, wanda fil zai shiga ba gardama. A Turai da Amurka itacen fain suke amfani da shi wanda aka busar a tanda. A nan obece ya fi dacewa, wanda 'yan Gana ke kira wawa, 'yan Kamaru kuma ayus. Ba ya cika murɗewa idan ya bushe, sai dai ƙwaro na son sa, irin wanda za ka ga garin itace na zubowa a ƙasan hoto. Malaina ma tana yi idan ta bushe sosai, amma tana da jinkirin bushewa. Maɗaci da iroko ka bar wa masu ƙofa: nauyi, ga lanƙwasa fil. Idan za a sa maganin gara, a sa mara maiƙo, a bar shi ya bushe sarai. Baƙin man mota da wasu kafintoci ke shafawa zai ratso yadin ya fito a fuskar hoto, kuma ba ya fita.

Ka zauna da kafinta ka nuna masa siffar da kake so, domin idan ka ce firem kawai, zai yi maka na allon makaranta. Fuskar da ke kallon yadi dole ta gangara ciki, ta yadda kambas zai taɓa leɓen waje kaɗai. Idan ya kwanta a kan faɗin katakon, bayan 'yan watanni za ka ga layin katakon ya fito a hoton ta gaba. Leɓen kuma a goge kaifinsa da samfefa ya ɗan yi kumbo. Kaifin baki na cikin abin da ke fasa shafe, kuma ina zargin yana da hannu a hotonka na biyu. Kusurwa a yanka ta a karkace, a sa farin gam, a ɗaure. Kafin ka ɗora yadi, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, firem ɗin ya karkace. Duk gefen da ya wuce inci 30, sa masa sanda a tsakiya, a ɗan janye ta baya kada ta taɓa yadi. Firem ɗin da ake shigowa da shi daga waje yana da tsaga a kusurwa inda ake buga 'yan ƙananan weji, wato gutsattsarin katako masu tsini, idan yadi ya saki sai a ƙara bugawa ya miƙe. Idan ka samu kafintan da zai iya wannan haɗin, riƙe shi da kyau.

Ruwan kariya da ƙananan kaya

Ruwan kariya, wanda 'yan sana'a ke kira banish, yana aiki uku: yana tare ƙura da ruwa, yana rage cin da haske ke wa launi, yana kuma sa fuskar ta yi danƙo ta lanƙwasu ba tare da fashewa ba. Saboda na ukun ne ake shafa shi kafin ɗauri. Wanda aka yi don kambas za ka nema, mai haɗin ruwa. Na kafintoci yana komawa rawaya kuma yana bushewa ƙandas, yana tsagewa a lanƙwasar farko. Bugun figimen a bar shi ya sha iska awa 24 kafin a shafa, da rola ta soso, shafi biyu marasa kauri, na biyun ya gitta na farko. Mai tsananin sheƙi yana ƙara wa launi zurfi, amma a falo mai fitilu yana mayar da haske har fuska ta ɓace. Mai matsakaicin sheƙi ya fi zama lafiya. Kada ka kuskura ka bi bugun tawadar rini da rola mai ruwa. Na yi sau ɗaya ina sabon shiga, jan bakin amarya ya biyo rolar har wuya. Bugun solben yana iya tafiya ba shafe, amma ni ina shafawa idan hoton na da duhu a gefe. A hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki ka rufe taga kafin ka fara, in ba haka ba ƙura za ta zauna a cikin shafen har abada.

Sauran kayan ba su da yawa. Sitafila irin ta masu yin kujeru, ta hannu ta isa da farko. Fil mai ƙafa milimita 8 ya dace da itace mai laushi, kuma ka nemi wanda ba ya tsatsa, domin na banza yana cin yadin a daidai inda ya riƙe shi. Filaya mai faffaɗan baki ta jan kambas. Filayar makaniki tana huda yadi. Sai reza mai kaifi, tef na awo, tebur mai shimfiɗar bargo mai tsabta inda za ka kifa hoton, da zobban rataya guda biyu da waya. Wajen ja, fara da tsakiyar gefe ɗaya, ka koma kishiyarsa, sannan sauran biyun, kana matsawa zuwa kusurwa kaɗan-kaɗan, tazarar yatsu uku tsakanin fil da fil. Kada ka ɗaure da sanyin asubar hunturu, shafen yana ƙagewa. Jira rana ta ɗaga. Idan ka ƙwanƙwasa tsakiya da yatsa ka ji ya amsa a hankali, ya isa, ba kalangu kake haɗawa ba. Wajen kai wa mai shi, kada ledar nan mai ƙuraje ta taɓa fuskar hoton kai tsaye, a zafin mota takan bar tambarinta. Sa farar takarda tukuna.

Duk abin da na faɗa daga aikin cikin ɗaki ne a yanayinmu na arewa. Wanda ke Fatakwal ko Kumasi abokin faɗansa fumfuna ne, ba bushewa ba, kuma hoton da za a rataye a baranda rana na dukansa wani lissafi ne daban. Ban kuma ga hotunanka biyun da idona ba. Wanda ya saki ɗin, kifa shi a kan tayil ka danna kusurwoyinsa. Idan yana rawa, katakon ya murɗe, sai sabon firem. Idan yana zaune daram kuma yadin na da auduga, fesa masa ruwa kaɗan ta baya, ka goge da tafin hannu har ƙarƙashin katakon, ka jingine shi a inuwa ya bushe. Sau da yawa yana komawa. Idan foliyesta ne ruwa ba zai yi masa komai ba, sai dai ka cire fil na gefe biyu masu maƙwabtaka ka sake ja.